Taron Kano na 1979: Yadda Nijeriya Ta Shiga Rabon Faɗan Cadi

Masana harkar siyasar duniya sukan kasa ƙasashe gida uku. Akwai manya, irin su Amurka da Tarayyar Sobiyet a zamaninta, waɗanda in suka ce a yi sai a yi. Akwai ƙanana, waɗanda sai abin da aka yanka musu. Sa'an nan akwai na tsakiya, watau matsakaitan ƙasashe, kuma a kansu nake so in yi magana cikin wannan ɗan rubutu. Matsakaiciyar ƙasa ita ce wadda ta fi maƙwabtanta jama'a da dukiya da soja, har ta isa ta kira su taro su amsa, amma ba ta isa ta sa su bin abin da aka yanke ba muddin wani mai ƙarfi daga waje yana zuga ɗayansu. Maimakon in ɗauko misali daga nesa, sai na ga ya fi kyau in ɗauko wanda ya faru a ƙofar gidanmu, watau ƙoƙarin da Nijeriya ta yi na sasanta 'yan Cadi daga shekarar 1979 zuwa 1982, wanda aka faro shi a Kano.

Kafin mu isa Kano ya kamata mai karatu ya san halin da Nijeriya take ciki a lokacin. Yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma ya bar wa shugabanninmu wani darasi da ba su manta ba. Faransa ta taimaki Biyafara, ƙasashe biyu daga cikin waɗanda ta raina, Kwaddibuwa da Gabon, har sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa. Abin da ya taimake mu shi ne maƙwabtanmu na kusa, musamman Ahmadu Ahijo na Kamaru da Diori Hamani na Nijar, sun ƙi yarda a yi amfani da ƙasashensu a yaƙe mu. Daga nan gwamnatin Ikko, watau Legas, ta gane cewa duk inda sojan Faransa ya yada zango kusa da iyakarmu abin a sa ido ne. Ga kuɗin man fetur kuma sun shigo. Janar Gowon da Eyadema na Togo suka yi ta zirga-zirga har aka kafa ECOWAS a Ikko cikin watan Mayu na 1975. A ƙarshen wannan shekara gwamnatin Janar Murtala ta amince da MPLA a Angola, ba tare da ta kula da fushin Amurka ba. A 1979 kuwa gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin BP don ta matsa wa Ingila a kan maganar Rodeshiya. Kai, a waɗannan shekaru Nijeriya tana jin kanta, kuma tana da dalilin jin kan nata.

Ita kuwa Cadi tun da ta sami mulkin kai a 1960 ba ta zauna lafiya ba. Turawan Faransa sun fi kula da kudancin ƙasar, inda ake noman auduga, can suka buɗe makarantu, can suka ɗebi ma'aikata da soja. Da suka tashi tafiya sai mulki ya faɗa hannun ɗan kudu, Tombalbaye. A 1965 talakawan Mangalme suka yi bore saboda tsananin haraji, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na ƙasar Sudan. Sau da yawa akan taƙaita rikicin a ce faɗa ne tsakanin Musulmin arewa da Kiristan kudu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya tsaya nan ba zai fahimci abin da ya faru a Kano ba, domin mutum biyun da suka fi wahalar da masu sulhu duka 'yan arewa ne, duka Musulmi, duka Tubawa. Na farko Gukuni Wadai, ɗan Darde, watau babban basaraken Tubawan Tibesti. Na biyu Hissen Habre, wanda ya yi karatu a Faris, kuma duniya ta fara jin sunansa a 1974 sa'ad da mutanensa suka kama wata Bafaransa mai binciken kayan tarihi suka yi garkuwa da ita kusan shekara uku. Tare suke a daji har 1976, suka rabu a kan Libiya. Tun 1973 sojan Gaddafi suka mamaye yankin Awzu a can ƙuryar arewa. Gukuni ya ce a karɓi makaman Libiya a gama da gwamnati tukuna, maganar Awzu ta jira. Habre ya ce ba ya ƙawance da mai cin ƙasarsa.

Soja suka kashe Tombalbaye a 1975, Janar Felis Malum ya hau. Da 'yan tawayen Gukuni suka matso kudu a 1978 sai Faransa ta aiko da soja suka tare su, Malum kuma ya jawo Habre ya naɗa shi Firayim Minista. Zaman bai yi wata shida cikakku ba. Ran 12 ga watan Fabrairu na 1979 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Njamena tsakanin sojan shugaban ƙasa da na Firayim Ministansa. Aka kashe 'yan kudu a Njamena, aka rama a kan Musulmi 'yan kasuwa a Mundu da Sar. Gwamnati ta watse, 'yan kudu suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma gida.

To me ya kai Nijeriya ciki? Amsar da ake bayarwa a bainar jama'a ita ce zumunci da maƙwabtaka, kuma ba ƙarya ba ce. Kanem da Borno ai gida ɗaya ne tun kafin a san Bature. Rabe ya yi hedikwatarsa a Dikwa, ya mutu a Kusuri a 1900, ƙetaren kogi kaɗan daga inda Njamena take yau. Shekara da shekaru maniyyatanmu masu bin ƙasa ta Fort Lamy da Abashe suke ratsawa zuwa Sudan, waɗansu ma can suka yada zango suka hayayyafa. Barebari da Shuwa da Buduma suna kowane gefe na iyaka. Alal misali, a watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta kai shi Cadi ta ajiye wai ɗan can ne, sai da kotu ta ce a mayar da shi gida. Iyakar da za a yi irin wannan gardama a kanta, in wuta ta kama a bayanta dole a shafa wa gemu ruwa. Amma bayan zumunci akwai buƙata. Nijeriya ba ta son sojan Faransa a Njamena, ba ta kuma son na Libiya su maye gurbinsu. So take a ce rikicin Afirka 'yan Afirka suka kashe shi, kuma ita ce a kan gaba.

Cikin watan Maris na 1979 aka taru a Kano, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana shugabanta. Ɓangarori huɗu aka kira: Malum a madadin gwamnati, da Habre, da Gukuni, da kuma wani Abubakar Abdurrahman, shugaban wata 'yar ƙungiya da ake kira Runduna ta Uku, mai zama a tsibiran Tafkin Cadi. Maƙwabta irin su Libiya da Sudan da Nijar da Kamaru suka zo shaida. Ran 16 ga wata aka sa hannu. An yarda a tsagaita wuta, a fitar da mayaƙa daga Njamena, a yi afuwa, a kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin kai, Nijeriya kuma ta aika da soja su tsaya tsakani. Malum da Habre suka sauka daga muƙamansu. Malum ya taho Nijeriya gudun hijira, bai koma gida ba sai 2002. Sojanmu wajen 800 suka sauka Njamena a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Magoro. Cikin mako guda an yi abin da Faransa ta kasa yi, kuma lalle duk wanda ya ce ba a yi ƙoƙari ba bai yi adalci ba.

Sai dai a ganina tun a wannan zama na farko aka shuka abin da ya ɓata sauran, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Dubi wannan ɓangare na huɗu. Runduna ta Uku ba ta da wani ƙarfin a-zo-a-gani, ba ta riƙe da babban gari ko ɗaya. Abin da ya ba ta kujera, kamar yadda sauran 'yan Cadi suka ɗauka, shi ne kusancinta da Nijeriya. To da Libiya ta ga haka sai ta ce ita ma tana da nata 'ya'yan da ba a kira ba, irin su Asil Ahmat, shugaban mayaƙan Larabawa. Sudan ma tana da waɗanda take so. Ka ga mai rabon faɗa ya shigo da nasa ɗan dambe cikin fage, ba shi da bakin hana wani ya kawo nasa. Ban da wannan kuma, taron ya koya wa kowane ɗan Cadi mai buri cewa hanyar samun minista ita ce ka tara 'yan bindigogi, ka laƙa wa kanka suna, ka sami maƙwabcin da zai tsaya maka. Ba a tambayi kowa mutum nawa ne suka zaɓe shi ba. Ba a kira sarakuna ko malamai ko 'yan kasuwa ko ma'aikata su zauna a matsayin ɓangare ba. Bindiga ce takardar shiga. Shi ya sa a watan Maris ɓangarori huɗu ne suka sa hannu a Kano, amma kafin ƙarshen Agusta sun zama goma sha ɗaya.

Aka koma Kano karo na biyu a farkon watan Afrilu don a shigar da waɗanda aka bari a baya. Habre da Gukuni, waɗanda jiya-jiya suke abokan gaba, suka haɗa kai suka ce ba su yarda a raba tuwo da wanda bai yi aikin gayya ba. Masu masaukin suka fusata har suka tsare su na 'yan kwanaki, aka hana su tafiya. Wannan kuwa ko a al'adarmu abin kunya ne, ka kira mutum sulhu gidanka sa'an nan ka rufe ƙofa. Taron ya watse ba a cim ma kome ba, kuma daga ranar sojanmu da ke Njamena suka daina zama baƙin arziki a idon masu riƙe da garin.

Abin da ya biyo baya har da ban dariya. Da suka koma gida, Habre da Gukuni suka kafa gwamnati a ƙarshen Afrilu, suka ɗauko Lol Muhammad Shawa, mutumin Runduna ta Uku, suka ba shi shugabanci, da tunanin Nijeriya za ta ji daɗi tun da nata ne. Nijeriya ta ƙi amincewa, ta ce an saɓa yarjejeniyar Kano tun da an bar waɗansu a waje. Ta kira wani taro a Ikko a ƙarshen Mayu, masu gwamnati suka ƙi zuwa, suka kuma ce sojan Nijeriya su bar musu ƙasa. A watan Yuni sojanmu suka dawo. Nan fa Nijeriya ta fito da makamin da ya fi bindiga ci. Cadi ba ta da teku, man feturinta ta hanyar Maiduguri da Gamboru yake shiga, sai aka rufe famfo. Bugu da ƙari, da shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka taru a Monrobiya cikin Yuli, aka hana wakilan gwamnatin Lol zama. Ba mai, ba kujera, dole suka sauko.

Ran 21 ga watan Agusta na 1979 ɓangarori goma sha ɗaya suka sa hannu a Ikko. Gukuni ya zama shugaba, Kanar Kamuge na kudu mataimaki, daga baya Habre ya karɓi ma'aikatar tsaro, Asil ya karɓi ta harkokin waje. Aka ce za a yi zaɓe cikin wata goma sha takwas, sojan Faransa kuma su fita. Amma akwai wani sharaɗi da ya kamata mu lura da shi: sojan da za su tsaya tsakani ba za su fito daga ƙasar da ke da iyaka da Cadi ba. Watau an yi wa mai gida sallama cikin ladabi a cikin gidansa. Aka zaɓi Kwango da Gini da Binin. Kwango kaɗai ta aiko da 'yan ɗaruruwa, su ma da wuta ta tashi suka koma.

Kada mu manta kuma a watannin nan hankalin sojan da ke mulkinmu ya rabu biyu. Ana ta zaɓe a Yuli da Agusta, ana shirin miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ran 1 ga Oktoba. Waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar sun tuɓe kaki mako shida bayan sa hannu. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ina zaton gaggawar a gama kafin a sauka tana cikin abin da ya sa aka yarda da gwamnatin da kowa ya san zakaru biyu ne a akurki ɗaya.

A watan Maris na 1980 Habre da Gukuni suka gwabza a Njamena, wata tara ana ruwan wuta. Mutanen gari suka ƙetare kogi zuwa Kusuri, waɗansu suka iso Gamboru da Maiduguri. Faransa ta kwashe sojanta a watan Mayu, kamar yadda Nijeriya ta daɗe tana nema. Gurbin bai daɗe a buɗe ba. Gukuni ya kira Gaddafi, tankokin Libiya suka ratso hamada, a tsakiyar Disamba Habre ya gudu. Kwana kaɗan bayan haka rikicin Maitatsine ya tashi a Kano, aka yi ta raɗe-raɗin hannun Libiya ko da yake ba a tabbatar ba. Ran 6 ga Janairu na 1981 aka ba da sanarwa a Tarabulus cewa Libiya da Cadi za su haɗe. Ashe an kori kura ne damisa ta shigo.

Gwamnatin Shagari ta yi abin da matsakaiciyar ƙasa kan yi in abu ya fi ƙarfinta ita kaɗai, watau ta nemi inuwar ƙungiya. Aka matsa wa Gukuni ya sallami 'yan Libiya, da alkawarin rundunar Afirka za ta maye gurbinsu. Gaddafi ya yi fushi ya kwashe sojansa cikin gaggawa a watan Nuwamba na 1981. Rundunar ta zo daga Nijeriya da Senegal da Zayar, a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, kuma ita ce irinta ta farko da Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta taɓa haɗawa. Nijeriya ce ta ba da soja mafi yawa, ita ce kuma ta ɗauki nauyin nata da aljihunta, domin asusun ƙungiyar babu kome. Matsalar ita ce ba a taɓa daidaitawa a kan aikin rundunar ba. Gukuni ya ɗauka sun zo su kare gwamnatinsa ne, tun da don su ya kori masu kare shi. Su kuwa suka ce sun zo tsayawa tsakani, ba yaƙi ba. A wannan lokaci Habre yana gabas, bakin iyakar Sudan, yana karɓar makamai da kuɗi daga Amurka ta hannun Masar da Sudan, domin gwamnatin Reagan ta ƙudura sai ta karya Gaddafi. Ya taso yana cin gari bayan gari, yana kauce wa sansanonin rundunar Afirka, su kuma suna kallo. Ran 7 ga watan Yuni na 1982 ya shiga Njamena, Gukuni ya ƙetare kogi zuwa Kamaru. Kafin ƙarshen watan rundunar ta naɗe tabarmarta.

Ina jin waɗansu 'yan'uwana ɗalibai za su ce to ai sai a ce Ejiga ya buɗe wuta. Ni ban ga haka ba. Yaƙi da Habre a 1982 yaƙi ne da wanda Amurka ke ɗaure wa gindi, a cikin hamadar da sojanmu ba su sani ba, da jama'ar da ba su jin harshenta, a shekarar da kuɗin mai ya faɗi har gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Inda nake ganin laifi shi ne alkawarin da aka bar Gukuni ya fahimta alhali an san ba za a cika ba. Wanda ya ce wa mutum ya yar da sandarsa, ya wajaba ya gaya masa gaskiyar abin da zai yi in kare ya taso.

Sakayyar da muka samu daga Habre ba ta yi daɗi ba. A watan Afrilu na 1983 sojansa suka yi arangama da namu a kan tsibiran Tafkin Cadi, waɗanda janyewar ruwa ta fito da su, har sai da runduna ta uku ta Jos a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari ta kore su. A wannan shekara Faransa ta komo da sojanta. Su 'yan Cadi da kansu, da taimakon Faransa da Amurka, suka fatattaki Libiya a 1987, maganar Awzu kuwa Kotun Duniya ce ta yanke ta a 1994, ta ba Cadi. Habre ya yi shekara takwas yana mulki kafin Idris Debi ya kore shi a 1990. Hukumar binciken da aka kafa bayansa ta ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa, kuma a 2016 wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai, a can ya mutu a 2021.

Sojan Faransa da aka yi ta taro a Kano da Ikko don a ga bayansu ba su yi ficewar ƙarshe daga Cadi ba sai a watan Janairu na 2025, kuma gwamnatin Njamena ce da kanta ta ce su tafi. Kafin nan, a farkon 2015, sojan Cadi ne suka ƙetaro iyakarmu suka ƙwato Gamboru da Dikwa daga hannun Boko Haram, ta hanyar nan da tankokin man feturinmu suke bi. A shekarar ce kuma aka kai hedikwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Cadi Njamena, kwamandanta ɗan Nijeriya.